Ina son in sa wa Duniya kayan anko a bugun zane, ta ina zan kama?

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shirin buga jerin zane guda shida a kan karin maganar nan ta "duniya budurwar wawa". Niyyata in mutunta duniya, in fito da ita mace cikin kayan da ake yayi yanzu a gidajen biki: leshin anko, gwaggwaro, takalmi mai tsini, jakar hannu da waya. Na ji cewa masu zanen Turai na ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda ake kira 'yan Simbolis, sun yi irin wannan, suna sa wa Mutuwa ko Kwaɗayi tufafin zamaninsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yayi ba ya zama. Ina tsoron bayan shekara goma a kalli aikin a ce hoton shagon tela ne, ma'anar ta tafi tare da ɗinkin. Su yaya suka yi da wannan? Sannan ba ni da injin matsa, wanda ke danna takarda a kan allon zane. Abin da ke hannuna filawud ne, aska, tawadar masu ɗab'i da takardar zane. Ta yaya zan fitar da leshi ba tare da na fafe kowane rami da aska ba?

Malam Mai Zayyana, Argungu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai mutuntarwa irin ta da, wadda kowane abu yake da fassara ɗaya tak: mace riƙe da ma'auni Adalci ce, ƙwarangwal riƙe da lauje Mutuwa ce. Turawa har kundin irin waɗannan siffofi suka yi tun 1593, na Cesare Ripa, mai zane ya buɗe ya kwafa. Sannan akwai alamtarwa, inda abin da aka zana ba ya faɗa maka sunansa, nuni kawai yake yi ya bar ka da zullumi. Wannan ta biyun ce 'yan Simbolis suka ɗaukaka. Sunan ya kama su ne bayan da Jean Moréas ya buga sanarwarsu a jaridar Le Figaro a 1886, amma masu bugun zane sun riga sanarwar fara aikin.

Abin da kake nema ka same shi wurin mutum uku, kuma kowa hanyarsa daban.

Félicien Rops, ɗan Beljiyam, mutumin Namur, ya rasu 1898. Shi ne ya fi kowa ɗaura wa tsohuwar mutuntarwa sabbin tufafi. Yana da jerin zane na mace cikin rigar yayin Paris, ƙugu a matse, ta ɗaga ɗan 'yar tsana namiji a hannu ɗaya, a wasu daga ciki har kuɗin zinariya na zuba daga cikin 'yar tsanar. Sanannen aikinsa na 1878, Pornocratès, mace ce an ɗaure mata ido, da doguwar safar hannu baƙa da hula mai gashin tsuntsu, tana tafe alade na gaba a igiya. Ba hoton da za ka nuna wa ɗalibai ba ne, don babu suturar kirki a jikinta, amma darasinsa a nan yake: duk nauyin ma'anar a kan ƙananan kayan ado yake. Cire safar da hular, sai ta koma gunkin tsoffin Girkawa da ba ruwan kowa da shi. Su ne suke cewa "wannan ta garinku ce, ta bana ce".

Max Klinger, Bajamushe, ya fi shi zurfi a ganina. A 1881 ya buga faranti goma, wato zane goma da aka buga daga allunan ƙarfe, a kan safar hannu guda ɗaya. A na biyu, wata mace ta yar da safar a filin wasan takalmi mai taya a Berlin, wani mutum ya sunkuya zai ɗauka har hularsa ta faɗi. Daga nan matar ta fita daga labarin. Safar ce ke tafiya: ta faɗa teku ana ƙoƙarin ceto ta, ta hau keken sarauta tana riƙe da linzami, ta zama labule, daga baya wata dabba mai fukafukai ta fice da ita ta taga, hannaye biyu sun fasa gilashi suna miƙowa ba su cim mata ba. Yau babu mai sa irin wannan safar, amma babu wanda zai kalli jerin ya kasa gane bege da hasara. Dalili kuwa ya ɗauki abu ɗaya ne daga cikin yayi, ya ba shi aikin yi. Bai jera kaya ba.

Na uku Félix Vallotton, ɗan Suwizalan da ya zauna Paris, kuma shi ne naka tunda katako ya sassaƙa. A jerinsa na goma mai suna Intimités, na 1898, akwai wanda ya kira L'Argent, wato Kuɗi. Mace cikin farar riga tana tsaye bakin taga, namiji cikin baƙar kwat yana yi mata magana a kunne. Kwat ɗin ba ta da iyaka: ta narke cikin baƙin da ya cinye wajen kashi biyu cikin uku na takardar. Ba a zana ko kwabo ba. Wannan baƙin shi ne kuɗin.

To amsar tambayarka ta farko ke nan. Abin da ke tsufa shi ne ƙananan bayanai, irin adon wuya da yawan duwatsu. Abin da ke zama shi ne siffar jiki daga nesa da abin da tufar ke aikatawa a cikin zanen. Mu ma mun ce zamani riga. Ka bar rigar ta nuna shekararta, kada ka ji tsoron haka, amma ka sa ta yi wani abu: ta ja, ta ɗaure, ta rufe ido, ta haɗiye mutum.

Akwai kuma wata fa'ida a hanyar Klinger ga mu nan. Mutane da yawa ba sa son rataye surar mai rai a ɗaki. Jerin da jarumarsa takalmi ce ko mayafi zai shiga gidajen da hoton budurwa ba zai shiga ba.

Goggo Mai Leshi, Jega

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Amma ɗana, akwai inda ba na son ka bi su Rops ido rufe. Yawancin waɗannan mutanen mace suka ɗora wa laifin komai, ita ce tarko, ita ce halaka, namiji kuwa bawan Allah ne da aka yaudara. Karin maganar da ka ɗauko mutum biyu ne a cikinta. Akwai budurwa, akwai wawa. In ka yi faranti shida duk a kan gwaggwaro da leshi, ka zana rabin magana. Shi ma wawan yana da yayinsa: shadda mai sheƙi da aka buga ta sha sitati, hula an karya ta gefe, agogo, makullin mota a yatsa, sabbin kuɗin liƙi. Shi ya sa na fi yarda da zanen Vallotton da Malam ya kawo, don a can duhun daga jikin namijin ya fito.

Kuma wannan siffa ba baƙuwa ba ce gare mu. Waƙoƙin wa'azi na ƙasar nan sun daɗe suna kwatanta duniya da tsohuwar da ta sha kwalliya tana ruɗin samari. Jamusawa ma suna da tasu a jikin cocin garin Worms, mutum-mutumin mace, gaba kyakkyawa, baya duk kwaɗi da macizai. Ka ga dabara a nan: faranti ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, ɗinki iri ɗaya.

Batun siffa daga nesa, ka gwada haka. Ka yanka surar daga baƙar takarda da almakashi, ba ido ba hanci, ka manna a bango, ka ja baya taku biyar. In an gane gwaggwaro ne ba rawani ba, an gane zani ne ba siket ba, siffar ta tsaya. Matan Paris na wajen 1895 da kumburarren hannun riga da siririn ƙugu ake gane su, na shekarun 1880 kuwa da tudun da ake ɗaurawa a bayan siket. Aubrey Beardsley na Ingila, wanda ya rasu 1898 yana ɗan shekara 25, ya ɗauki irin wannan ya zuzuta shi, alkyabba hawa-hawa, siket mai zanen ɗawisu ya fi mai shi girma. Namu na yanzu faɗin ɗaurin kai ne, da matsewar gwiwa, da wutsiyar da ke jan ƙasa. Ka ƙara wa ɗaya daga ciki girma fiye da gaskiya, ɗaya kawai.

Leshi kuwa kada ka fafe shi, ka buga shi kansa. Ka nemi ƙyallen da ya rage wurin tela. Wanda zarensa ya kwanta daidai shi ne mai kyau. Mai duwatsu da 'yan ƙyalƙyali ka cire su tukuna, in ba haka ba za su huda takarda su kuma hana sauran zaren taɓa ta. Ka wanke shi sitatin ya fita, ka goge. Ka shafa gam ɗin kafinta, farin nan, a kan kwali mai kauri, ba a kan leshin ba, siriri yadda ba zai cike ramukan ba. Ka ɗora leshin, ka rufe da leda, ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Washegari ka bi shi da banish sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. In ba ka yi wannan ba zaren zai sha tawada kamar soso, bugu biyu ya dagule. Gaskiya wannan ba hanyar 'yan Simbolis ba ce, daga baya ta yaɗu, amma tana ba da abin da suke nema ba tare da sinadari ba.

Baban Sadiya, Yawuri

Ɗan'uwa, ga yadda za ka yi da filawud ɗin.

Ka zaɓi mai kaurin milimita 9 zuwa 12, ka duba gefensa kada a sami rami tsakanin fale-falen, don aska na zuwa wurin fuskar za ta burma. Ka goge da sanfefa mai laushi kana bin jijiyar itacen. Ka shafe fuskar da tawada baƙa da aka tsinka da ruwa ta bushe, ta haka duk inda ka yanka zai fito fari, kana ganin bugunka tun kana sassaƙa. Ka tuna komai juyewa yake yi. In Duniya za ta riƙe waya a hannun dama, a katako hagu za ka sa. Rubutu ma haka, boko ko ajami.

Babbar matsalar filawud tsagewa ce. Fatar samansa siririya ce, in ka tura kurfi, wato ƙarfen sassaƙa mai baki kamar kwari, a gicciyen jijiya sai ya ɓantare ya wuce layinka. Maganinsa ka fara bin iyakar siffar da tsinin aska, zurfin kamar milimita 1, askar ta ɗan karkata waje da ɓangaren da zai ɗauki tawada, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi. Bayan haka ka kwashe farin, kana turowa zuwa wannan yankan, zai tsaya a nan. In ka karkata askar ciki, ka yi wa layin rami a ƙasa, zai karye a bugu na biyar ko na shida. In babu kurfin saya, haƙarƙarin tsohuwar lema yana da siffar kwari: ka yanke tsawon yatsa, ka wasa bakin, ka kafa a ƙota.

Kada ka taɓa inda baƙi zai zauna. Ƙarfin Vallotton a abin da ya ƙi yankewa yake. Masu koyo suna jin kamar ba su yi aiki ba in sun bar fili, sai su cika shi da 'yan layuka, nan take nauyin ya zube.

Tawadar masu ɗab'i ta yi, amma tana da danƙo. Ka ɗebi kamar rabin ƙaramin cokali a kan gilashi ko tayil, ka murza da rola har ƙarar ta koma siririya kamar yayyafi a kan kwano. In tana ƙara kamar ana taka taɓo, ta yi yawa, za ta cike ƙananan yanka. Ka shafa wa katakon sau uku ko huɗu siriri, ta fuskoki daban. Takarda mara kauri ta fi kyau ga bugun hannu, mai nauyin giram 70 zuwa 120 a murabba'in mita. Ka ɗora, ka sa wata takarda a kai, ka murza da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe. Ka riƙa ɗaga kusurwa ɗaya kana dubawa, ɗaya hannun na danne da sauran. Bugu biyu na farko za su yi fari-fari don itacen yana sha, ba laifinka ba ne. Babban baƙi kamar na shaddar wawan zai ci minti goma na murza, kada ka yi gaggawa.

Leshin Goggo a bugu na biyu zai shiga. Ka bar wurin rigar fari a katako, ka bari baƙin ya bushe kwana biyu ko uku, ka yanka takarda mai taga daidai siffar rigar ka rufe sauran, sannan ka buga leshin ta cikin tagar. Ka manna kwali mai siffar kusurwa a tebur don takarda ta riƙa zama wuri ɗaya kowane karo. Da hunturu ka rufe gilashin tawada da kwano tsakanin bugu da bugu, don ƙura ɗaya a rola za ta bar farin zobe a tsakiyar baƙinka. Wanki kuma da man gyaɗa, sannan sabulu. Fetur yana busar da robar rola ta tsattsage.

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Goggo, na karɓi gyara, wawa zai sami faranti uku. Malam, siraran layuka irin na Klinger fa, na yatsu da igiyar takalmi? Katako ba zai ba ni su ba. Akwai hanya ba tare da injin matsa ba?

Malam Mai Zayyana, Argungu

Cokali ba zai yi wannan ba, saboda a irin bugun Klinger tawadar a cikin ramin layi take, sai an tura jiƙaƙƙiyar takarda ciki da ƙarfi ta ɗauko ta. Amma injin taliyar murji yana yi, in aikin ƙarami ne. Rolarsa ba ta wuce santimita 15 ba, don haka farantinka kada ya wuce 12 a faɗi. Ɓangaren da ke shimfiɗa ƙullu za ka yi amfani da shi, ba mai yankawa ba, kuma injin da ya taɓa wannan aikin ya bar kicin ke nan.

Mafi sauƙi shi ne karce. Ka sami roba mai haske, shimfiɗaɗɗiya, kaurin rabin milimita zuwa ɗaya. Ka sa zanenka a ƙarƙashi, ka bi shi da allurar ɗinkin buhu da aka wasa. Allurar tana tayar da ɗan leɓe a gefen layi, shi ne ke riƙe tawada ya ba da baƙi mai laushi kamar karan-miski. Wannan leɓen yana kwanciya da matsa, a roba da wuya ka wuce bugu goma zuwa goma sha biyar masu kyau. Ko a jan ƙarfe haka yake lalacewa, shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1850 masu ɗab'in Paris suke yi wa faranti rufin baƙin ƙarfe da lantarki. Ka sassauta tawadar da ɗigo biyu na man linsid, ka cusa ta cikin layukan da guntun kwali, ka share da tsohon gidan sauro da aka dunƙule, ka ƙarasa da takardar jarida a shimfiɗe a tafin hannu. In ka share da yatsa a cikin tsumma, za ka kwashe ta cikin layin ma. Takarda a nan mai kauri ce, giram 200 zuwa sama, ta jiƙa minti goma zuwa ashirin, a tsane ta cikin tawul har sheƙin ruwa ya ɓace. In da sauran sheƙi, tawada za ta ƙi kamawa, ta fito dabbare-dabbare. In ta bushe da yawa, layukan za su fito a tsinke, kuma da iskar hunturu minti biyu ya isa, don haka ka ajiye jiƙaƙƙun cikin leda. Jerin shigarwa: kwali, faranti fuska sama, takarda, guntun bargo. Ka juya hannu ɗaya ba tsayawa, duk inda ka tsaya zai bar layi.

In kana son ainihin hanyar Rops, ita ce rufi mai laushi: a shafe farantin ƙarfe da kaki mai laushi, a danna leshi ya ɗauke kakin inda zare ya taɓa, sannan a tsoma farantin cikin ruwan da ke cin ƙarfe ya ci waɗannan wuraren. Shi da abokinsa Armand Rassenfosse na Liège har nasu haɗin suka ƙirƙira, suka haɗa sunayensu suka kira shi ropsenfosse. Asalin rufin faranti kakin zuma ne da kwalta da danƙon itace, a ƙara masa kitse don kada ya daskare. A ƙasar sanyi sukan kai rabi da rabi. A zafin Kabi kitsen kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba leshi zai kwashe rufin gaba ɗaya maimakon ya ɗauki inda zare ya taɓa kawai. Faranti kuwa ka nemi tsohon alminiyam na masu ɗab'i, ka yi aiki a bayansa, ka rufe fuskar da selotef. Kwanon rufi ba zai yi ba, ƙarfe ne aka yi wa fatar zinki. Ka wanke maiƙon da garin alli da ruwan tsami har ruwa ya kwanta a kai bai dunƙule ba. Ka ɗumama shi, ka shafa rufin siriri da rola, ya huce, ka ɗora leshi da leda a kai, ka wuce da shi cikin injin a sassauce, ka ɗaga a hankali.

Ruwan da zai ci farantin kuwa, ba sai ka nemi asid ba. Garin kofa salfet, shuɗin nan, giram 70, gishiri giram 140, ruwa lita ɗaya, cikin robar wanki. In zinki na gaske ka samu, giram 100 da giram 100. A waje za ka yi, da safar roba da tabarau, don yana zafi yana fitar da iska. Jan gari zai riƙa taruwa a kan layukan, ka share shi da gashin kaza, in ka bar shi cin zai tsaya a wurin. Farantin siriri ne, bai fi sulusin milimita ba, ka fara da minti biyu a kan guntun gwaji, ka ƙara ɗaya-ɗaya. In ka ga leshin ya koma fili ɗaya mai toka-toka, ya wuce, bangon da ke tsakanin zare da zare ya rushe. Ruwan da ya rage guba ne ga kifi, kada ya bi kwata ya gangara gulbi. Ka jefa masa guntayen alminiyam har shuɗin ya ɓace, ka tace da tsumma, ka busar da dagwalon ka ƙulle shi a gwangwani.